Tukunyar da Na Hana a Ɗora wa Haruna

Ni ne na yi kuskure a kan idanun yayanku Haruna. Ba mutanen ruwa ne suka taɓa shi ba, kamar yadda kuka tashi kuna ji a gidan nan, ba kuma sammu aka yi masa ba. An gaya mini ciwon da ke damunsa, an gaya mini abin da zan yi, aka rubuta a takarda aka danƙa mini a hannu, na ƙi. Na fara da wannan ne don kada tsufa ya sa in yi ta kewaye-kewaye har takarda ta ƙare ban faɗa ba. Bokona bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba, saboda haka ku yi haƙuri da rubutun, ku dubi maganar.

A lokacin muna zaune a tsohon gidanmu na bakin gari, inda in ka fito zaure kana hango kogin Haɗeja. Da damina ina noman shinkafa a fadama, in ruwa ya fara janyewa kuma in ɗauki gora da homa in shiga su. Haruna shi ne ɗan farinmu ni da mahaifiyarku Hajara, kuma sunan mahaifina aka sa masa. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kansa, ta ɗan fari da ta sunan uba. Ban taɓa kiran sunansa ba. In yana gabana in ce “kai”, in ba ya nan in ce “yaron nan”. Ban taɓa ɗaukarsa ba, ban taɓa tambayarsa ko ya ƙoshi ba. Mahaifiyarku ma haka, in za ta ba shi abu sai ta ajiye a ƙasa ta kau da kai. Haka muka taras ana yi, kuma wanda aka ga yana rawar jiki a kan ɗan farinsa abin dariya ne a majalisa. Ba ina zagin al'adar ba ne. Mahaifina ma bai taɓa kiran sunana ba, amma ranar da maciji ya sare ni a fadama a bayansa ya goyo ni har gida, yana gudu. Shi kunyarsa a baki ta tsaya. Ni tawa na bar ta ta gangara har zuci, na mayar da ita wurin ɓuya.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ku sani game da zamaninmu. Kusan duk yaron da ya tashi a bakin ruwan nan, in ya kai shekara goma sai ya fara fitsarin jini. Tsargiya ce, amma mu ba mu ɗauke ta ciwo ba. Alamar girma muke ce mata. Ranar da aka ce Haruna ya fara, abokina Ɗanjuma, wanda muke su tare tun muna samari, har barka ya yi mini, ya ce in fara tanadin lefe. Shekara huɗu yaron yana zubar da jini ban taɓa ɗaga kai ba.

A shekarar da aka daina fam da sule aka shiga naira, Haruna yana aji bakwai na firamare, yana shirin jarrabawar da za ta kai shi makarantar gaba. Malamansa sun ce yana da kai. Wajen ƙarshen damina ya fara ciwon kai. Da safe sai ya tashi fuskarsa a kumbure, idanu kamar wanda ya kwana yana kuka, zuwa azahar ta saɓe. Sau biyu ya yi haɓo har rigarsa ta ɓaci. Kumburin na ce yawan barci ne. Ciwon kan kuwa na ce lalaci ne, domin ya zo daidai lokacin da shinkafa ta fitar da kai, tsuntsayen jan-baki suna sauka a kanta kamar hadari, ana bukatar kowane yaro a gona yana kora. Malamin ajinsu ne ya lura ya daina ganin allo sosai, ya tura shi ɗakin shan magani.

Mai kula da ɗakin shan maganin a lokacin Malam Yohanna ne, mutumin ƙasar Jos, Kirista, wanda ya daɗe a Haɗeja har Hausarsa ta koma irin tamu. A wurina yake sayen kifi, kuma kullum sai mun yi faɗan wasa a kan girman tarwaɗa. Wata la'asar na ji ƙararrawar kekensa a ƙofar gida.

“Malam Sale, yau ba kifi ya kawo ni ba.”

“Madalla, yau tarwaɗa ta huta da zagi.”

Bai yi dariya ba. Ya ce gobe da safe in zo da yaron, akwai abin da yake so in gani da idona.

Muka je. Ya naɗa wa yaron wani ƙyalle a damtse, ya riƙa matsa wata 'yar roba mai kamar ƙwai, ya sa abin saurare a kunne yana kallon wani farin ruwa yana hawa cikin gilashi. Sannan ya karɓi fitsarinsa a 'yar kwalba siririya, ya kara a kan wuta. Ina kallo fitsarin ya yi gudaji fari kamar an fasa ƙwai a ruwan zafi.

“Ka ga wannan? Na mai lafiya ba ya yin haka. Ƙodarsa ce ta taɓu, ina zaton tsargiyar nan ce da ta daɗe, ita kuma ƙodar ta sa jininsa ya hau. Kwana uku ke nan ina gwada shi. Abin da nake gani a hannun yaron nan, ko a hannun dattijo na gan shi sai gabana ya faɗi.”

“Hawan jini? Haba Malam Yohanna. Ai wannan ciwon alhazai ne masu tumbi, waɗanda kayansu suka maƙale a tasha. Wannan me ya ajiye da zai yi tunaninsa?”

“Ba tunani kaɗai ke kawo shi ba. Kuma ba shi ne na farko da na gani a yaran bakin ruwa ba, sai dai ba a kawo su sai sun faɗi. Kai naka bai faɗi ba tukuna.”

Ya lissafa mini abubuwa a yatsunsa, yaron yana zaune yana ji. Kada ya ci gishiri, kada ya ci manda, kada ya sha kanwa. Kada ya shiga ruwa, kada ya yi aiki a rana. Kuma a cikin makon nan in kai shi babban asibiti a Kano, domin shi abin da ke hannunsa ƙwayoyin 'yan kwanaki ne kawai. Ya rubuta takarda da Turanci, ya ninke, ya ba ni.

Da na tsaya a nan na yi tunani ni kaɗai, wataƙila da na kai shi. Amma sai na bi ta bakin kogi, yaron yana biye da ni, inda masunta ke gyaran homa a gindin giginya, na ba su labari. Na ba da shi ne yadda za a yi dariya, aka kuwa yi. Ɗanjuma har da riƙe ciki.

“Gobe kuma sai ya gwada jinjirin goye ya ce ya ga furfura! Kai, Alhaji Haruna, ina ka ajiye motar taka?”

Yaron ya sunkuyar da kai ya wuce. Wani dattijo a cikinmu ya ce, ba da mugunta ba, “Sale dai ba zai bar shinkafa a bakin tsuntsu ya bi ɗan fari Kano ba, ai ba a haife shi jiya ba.” Wannan maganar ita ta ɗaure ni. Na dawo gida na ɗaga murfin adakata, na sa takardar a ƙarƙashin rigar Salla, na rufe.

Ban gaya wa mahaifiyarku komai ba, amma ta ji. Ashe ta aika wurin matar Malam Yohanna ta tambayo dalla-dalla. Washegari ta samo wata 'yar tukunyar ƙasa, ta ɗora miyar kuka daban, ba gishiri, ba kanwa. A lokacin ciyayya muke yi. In an yi sallar magariba kowane maƙwabci ya fito da akushinsa zaurena, manya su zauna gefe guda, samari gefe guda, kowa ya sa hannu a na kowa. Ran nan sai ga ƙaramin kwano an fito da shi, an ajiye a gaban Haruna shi kaɗai. Ɗanjuma ya leƙa.

“A'a! Babban baƙo muka yi ba a gaya mana ba? Alhaji, a ɗan sam mana na manya mana.”

Zauren ya ɗauki dariya. Na ji kamar an tuɓe mini riga a kasuwa. Na miƙa hannu na ɗauki kwanon, na juye shi cikin akushin samari, na cakuɗa, na ce masa, “Kai, sa hannu.” Ya sa. Ina kallonsa yana ci. Da aka watse na shiga cikin gida na sami Hajara tana kankare tukunyar.

“Ɗan fari kike ɗora wa tukunya daban? A gaban maƙwabta? Ina kunyarki ta tafi?”

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, “Malam, ajiye ta na yi. In ya warke zan ɗauka.”

Tun aurenmu ba ta taɓa mayar mini da magana ba sai ran nan. Na karɓe tukunyar daga hannunta, na taka turmi na kife ta a kan rumbu, inda hannunta ba zai kai ba. Na ce a gidana tukunya ɗaya ake ɗorawa.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne wanda na yi bayan haka, domin shi na yi shi ne da niyyar magani. A wurinmu in mutum ya kumbura kanwa ake ba shi, ana cewa tana wanke ciki tana sauke kumburi. Na je kasuwa da kaina na zaɓo ungurnu mai kyau, wadda ake kawowa daga gabas, na riƙa jiƙa ta a ƙoƙo. Kowace safiya kafin mutane su fito sai in ajiye a bakin ɗakinsa in ce, “Kai, shanye.” A raina ina cewa ai ga shi ina kula da shi ba tare da kowa ya gani ba. Abin da aka ce kada ya kusanta, shi na riƙa ɗura masa da hannuna har mako uku. Sau biyu Malam Yohanna yana zuwa. Na farko na ce masa sai an gama yankan shinkafa. Na biyu ina jin ƙararrawar kekensa na shige cikin gida na sa a ce ina fadama.

Sai ranar da sarkin ruwa ya buɗe babban tafkin da ke gabas da gari, wanda ake hana taɓawa sai rana guda kowa ya shiga. Ba a barin hannu a gida a irin wannan rana. Da safe ina ɗaure homa, yaron ya zo ya tsaya nesa kaɗan, kamar yadda ya saba.

“Baba, yau kaina kamar zai tsage. Kuma komai biyu-biyu nake gani.”

Na ce, “To sai ka kamo mana kifi biyu-biyu.”

Wannan ita ce magana ta ƙarshe da na yi masa yana da idanunsa.

Rana ta take tsaka, tafki ya cika da mutane, kowa a kife kan gorarsa yana tura homa. Ina can gefe na ji ihu. Ashe jijjiga ce ta kama shi a kan gora, ya sulale ya nutse. Ɗanjuma ne ya fi kusa, ya nutsa ya cafko shi ta wuyan riga. Aka shimfiɗe shi a kan ciyawa, jikinsa yana karkarwa, idanu sun juye, bakinsa yana kumfa. Nan take wani ya ce mutanen ruwa ne, yaron ya bi ta kan gidansu. Wani ya ce dama wurin ba a shigarsa da tsakar rana. Zan gaya muku gaskiya ko da ba ta da daɗi: a cikin tashin hankalin nan, da na ji an ce mutanen ruwa, wani sanyi na ji a raina. An samo mini wanda zai ɗauki laifin.

Ana ta neman mai ruƙiyya, labari ya kai gida. Mahaifiyarku, wadda ba ta taɓa taka ƙofar gida da rana ba, ta fita ba mayafi, a guje, har ɗakin shan magani. Malam Yohanna ya zo a kan keke ita tana biye da shi a ƙasa. Ya ture mutane, ya yi wa yaron allura, ya aika a tsayar da wata motar kaya da ke lodin buhuna za ta Kano. Sannan ya juyo gare ni.

“Ina takardar da na ba ka?”

“Ta ɓata.”

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya ciro wata ya ɗora a gwiwarsa ya sake rubutawa. Ya hau motar tare da mu. Duk tsawon hanyar nan mai gargada magana ɗaya ya yi mini, da ya ga kan yaron yana bugun buhu ni kuma na takure gefe.

“Riƙe masa kai, Malam Sale. Ɗanka ne. Ba mai ganinka a nan.”

Na ɗora kansa a cinyata. Shekararsa goma sha huɗu, ran nan na fara jin nauyinsa.

Wata biyu da 'yan kwanaki muka yi a Kano. Ya rayu. Aka yi maganin tsargiyar, aka sauko da jinin, aka ce zai sha ƙwaya har ƙarshen ransa. Amma likitan ya sa aka fassara mini cewa jinin da ya hau ya fasa ƙananan jijiyoyin da ke bayan ido. Na dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu kuma zai riƙa gani kamar ta cikin hayaƙi. Ya tambaya tun yaushe aka san yana da ciwon. Na ce ba mu sani ba. Da yaron ya farfaɗo aka tambaye shi abin da ya faru a tafki, ya ce bai tuna komai ba. Sai na ɗauka, ko in ce na zaɓi in ɗauka, cewa duk abin da ya gabata ma ya goge.

Da muka dawo an riga an yi jarrabawa. Abokansa suka ɗauki akwatuna suka tafi makaranta, shi ya zauna a zaure ya koyi saƙar homa da koma da lalube, sana'ar da kuka san shi da ita. Shinkafar da na ƙi bari kuwa, maƙwabta ne suka yanke mini ita ba tare da na roƙa ba, wato ko da na tafi tun farko haka za su yi. Ranar da muka iso na ga 'yar tukunyar nan a kan murhu. Ban san wanda ya sauko wa mahaifiyarku da ita ba, ban tambaya ba. Kwanonsa daban ya riƙa fitowa zaure, ba wanda ya ƙara yin dariya, har Ɗanjuma. Ta yi masa girki a cikinta har ya yi aure, sannan ta koya wa matarsa. Kunyar da ta ce ta ajiye ba ta ƙara ɗauka ba, da sunansa take kiransa har ta rasu.

Labarin mutanen ruwa kuwa ya zauna. Ni na zaunar da shi. Na ba ku shi kuna yara, har ina ƙara masa gishiri, wai an ga ruwan yana juyawa a wurin. Malam Yohanna bai taɓa tona ni ba, sai dai bai ƙara sayen kifina ba har aka yi masa canjin wurin aiki. Ban je sallama ba. Mahaifiyarku ma ba ta gaya wa kowa ba. A ciwonta na ajali ne kawai, ina zaune kusa da ita, ta ce, “Malam, akwai maganar da ta rage maka. Ba ni za ka gaya wa ba.” Na ce to. Na sake yin shekara tara ban faɗa ba.

Abin da ya buɗe bakina ya faru ne bara. Ma'aikatan lafiya sun je makarantar su Zainabu, 'yar ƙaninku Musa, suka gwada yara, suka ba ta takarda ta kawo gida. Musa ya shigo zaurena da ita a hannu yana dariya.

“Baba, ji wani abu. Wai Zainabu ce da hawan jini! Shekara sha uku! Wai yanzu suna yawan ganinsa a 'yan makaranta, saboda taliyar leda da dunƙulen miya da lemon kwalba da rashin motsi. Su dai ba sa rasa abin faɗa. Me ta ajiye da za ta yi tunani?”

Muryata na ji a bakinsa, har da yadda ya karkata kai. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Na sa aka jawo mini adakata, na ciro takardar nan, ta yi ja ta kusa rabewa a ninkin. Na gaya masa abin da na rubuta muku a nan, a taƙaice. A ranar ya kai ta asibiti, kuma alhamdulillahi an tari abin da wuri. Ku ma duk wanda aka ba ɗansa irin wannan takarda, kada ya kai ta majalisa a yi mata dariya, ya kai ta inda aka ce.

Washegari da hantsi na sa aka tsayar mini da mai adaidaita, na ce ya kai ni gidan Haruna. Na same shi a rumfar ƙofar gida a kan tabarma, koma a baje a ƙafafunsa, gemunsa ya yi fari kusan kamar nawa. Na yi sallama.

“Baba? Da kanka? Lafiya dai ko? Ai da ka aiko na zo.”

Ya yunƙura zai tashi, na ce ya zauna. Na sa masa takardar a hannu. Ya shafa ta, ya bi ninkin da yatsa, ya kai ta kusa da idon hagu, ya ce:

“Ta Malam Yohanna ce. Ta farkon.”

“Ka tuna?”

“Ranar kamun kifin kaɗai na manta, Baba. Sauran duk suna nan.”

“Da kanwar? Da kwanon?”

“Duk.”

“Kuma kana zaune ina ba 'ya'yanka labarin mutanen ruwa?”

“Ni ma shi nake ba su.”

Ya matsa don in hau tabarmar, ban hau ba, na zauna a ƙasa a gabansa. Na kama hannunsa, duk kanta saboda zare. Tun ranar da aka raɗa masa sunan ban taɓa furta shi ba. Na ce:

“Haruna. Haruna, an gaya mini na ƙi ji. Na ji tsoron dariyar mutane fiye da yadda na ji tsoron rasa ka. Ni na juye maka abinci, ni na ba ka kanwa, ni na tura ka ruwa, sannan na ɗora wa aljanu. Idanunka da karatunka a hannuna suka salwanta, ba ni da abin da zan mayar maka. Na yi maka laifi, ɗana. Don Allah ka yafe mini.”